Gishirin Titi da Motar Bukar

Idan ka taɓa ganin wani dattijo a bakin kasuwar Haɗeja ya tattare babbar riga ya durƙusa yana leƙen ƙarƙashin mota, to ni ne. Mutane na dariya, wasu har suna cewa Alhaji Garba ya je ƙasar Turawa ya dawo da taɓi. Ba na jin haushi. Ɗabi'a ce da na koyo a birnin Montreal na ƙasar Kanada, kuma ban koye ta da sauƙi ba.

Kafin wannan tafiya na sha yawo. Fataucin fata da busasshen kifi na gada wurin mahaifina, shi ya kai ni Damagaram da Diffa da Njamena, har Sudan. Barbarci a nono na sha shi, don mahaifiyata Babarbariya ce. Faransanci na tsince shi a kasuwannin Nijar da Chadi, Larabci kuma a Sudan da Makka. Saboda haka da ruwa ya cinye mini gonar shinkafa damina biyu a jere, ɗan kawuna Bukar ya samo mini takardar aiki a wurinsa, ban ji ɗar ba. Gani nake babu ƙasar da za ta nuna mini abin da ban taɓa gani ba.

Bukar taubashina ne, na girme shi da shekara goma sha biyar, amma wasan da ke tsakaninmu bai san girma ba. Sana'arsa raba kaya ga shagunan 'yan Afirka: garin rogo, manja, shinkafa, busasshen kifi. Duk abin da shi da matarsa Falmata da 'ya'yansu huɗu ke ci, daga wata farar motar kaya mai rufi yake fitowa. Tsohuwa ce, amma lafiyayya. Wata biyu ina zaune a gefensa ina koyon hanyoyi, har na sami lasisinsu. Faransancin mutanen wurin ya ba ni wuya da farko. Ta hanci suke yin sa, suna haɗiye rabin kalma, sai na riƙa jin kaina kamar Bakanon da aka ajiye a ƙauyen Gobir.

Cikin watan Agusta aka bugo waya cewa Kawu na kwance a Haɗeja, jiki ya yi tsanani. Bukar ya haɗa jaka cikin kwana biyu.

Ya ce, "Tsoho, ga mota nan, ga gida nan. Kafin sanyi ya shigo na dawo. Don Allah kada ka mai da ita jakin Damagaram."

Na ce, "Tafi abinka. Ka ga yadda ka bar ta da ƙura haka? In ka dawo ba za ka gane ta ba."

Sanyi ya shigo bai dawo ba.

Abin da ya fara sanar da ni kaɗaici tsuntsaye ne. Cikin Oktoba na ga dinya jere-jere a sama suna barin ƙasar, suna kuka. Sai na tuna dajin Baturiya na wajenmu a Haɗeja, yadda a irin wannan lokaci baƙin tsuntsaye ke sauka a fadama suna gudun sanyin ƙasashensu, mu kuma muna cikin kwalekwale muna kallon su. Na tsaya a bakin wani shago da buhun gari a kafaɗa na ce a raina, duk mai fiffike ya nufi inda rana take, ni kaɗai na yo nan.

Sannan dusar ƙanƙara ta sauka, na ga abin da ya ɗaure mini kai. Manyan motoci ke bin titi suna watsa gishiri, kamar mai yafa iri. Gishiri fa, wanda na ga Buzaye suna ɗauko shi a kan raƙuma daga Bilma, tafiyar makonni. Na tambaya aka ce shi ke narkar da ƙanƙara don kada taya ya zame. Na ɗebi kaɗan a bakin titi na ɗanɗana, na tabbatar shi ne.

A nan na yi kuskurena, kuma zan faɗe shi yadda yake. Ni ɗan gidan fata da kifi ne. Tun ina yaro abin da na sani shi ne gishiri ke hana lalacewa. In aka feɗe saniya, gishiri muke barbaɗa wa fatar kada ta ruɓe. Kifin da za a kai nesa, gishiri. Da na ga gefen motar Bukar da ƙarƙashinta sun yi fari fat, sai na ce a raina ai wannan alheri ne, gwamnati ce ke yi wa motocin jama'a abin da muke yi wa fata. Jikinta na sama kam kullum sai na wanke shi da bokiti da tsumma, na goge gilashi, kamar yadda direbobinmu ke yi a bakin kogi. Ƙasan kuwa da gangan nake barin sa.

Ban tsaya nan ba. Bukar a waje yake ajiye motar, a bakin titi. Na ga wannan rashin tausayi ne. Mu ko saniya ba ma bari ta kwana cikin irin wannan sanyi. Gidan benen da muke haya yana da wurin ajiye motoci a ƙarƙashin ƙasa, mai ɗumi, sai na nemi gurbi aka ba ni. Na kuma cire wasu munanan shimfiɗun roba da ke ƙasan kujerun gaba, na yanko jar darduma mai laushi na shimfiɗa. Duk wanda ya leƙa sai ya yaba.

Gurbin da ke kusa da nawa na wata tsohuwa ne, Madam Jislen, wadda ta yi shekara talatin tana tuƙa motar 'yan makaranta kafin ta yi ritaya. Gajera ce, mai murya kamar ta mai shelar kasuwa. Wata safiya ta same ni ina goge ƙofa, ta tsaya ta riƙe ƙugu.

Ta ce, "Maƙwabci, kullum kana wanke mata fuska. Yaushe za ka wanke mata ƙafa?"

Na yi mata bayanin fata da kifi, da Faransancina na kasuwa. Ta saurara har na gama, sannan ta yi dariya har da dafa bango.

"Motarka kifi ce? Zo ka gani." Ta nuna mini ruwan da ke ɗiga daga ƙasan motar, ya taru ya yi ja-ja. Ta ce a waje cikin sanyi gishirin daskarewa yake yi, ba ya ɓarna sosai. Amma duk sanda na shigo da ita ɗumi sai ya narke, ya zama ruwan gishiri, ya bi kowane lungu na ƙarfe yana ci. Ta ce mutanen nan kafin sanyi ya shigo suke kai mota a fesa mata wani mai a ƙasa, kuma a huda ƙananan ramuka a ƙofofi a tura man ciki. Ƙanenta Rejan yana da gareji, in ina so ta kai ni.

Da na ji maganar huda sai na ja baya. Na ce, "Madam, motar ba tawa ba ce, amana ce. Ba zan sa a huda kayan wani ba ya nan ba."

Ta ce, "Tsatsa ba za ta nemi izininsa ba kafin ta huda."

Na yi godiya na shiga mota. A raina na ce tsohuwa tana nema wa ƙanenta ciniki ne. Allah ya yafe mini wannan zato.

Duk da haka maganar ta tsaya mini a rai, kuma wannan ne ya jefa ni hannun macuci. A wani gidan mai na haɗu da shi, mutum mai fara'a da tsabtar tufafi. Da ya ji ina waya da Larabci sai ya yi mini sallama da Larabci, ya kira ni ɗan'uwa. Wanda bai yi zaman baƙunta ba ba zai san yadda wannan kalma ke sanyaya zuciya ba. Ya buɗe bayan motarsa ya nuna mini wani ɗan akwati kamar na ashana, mai jar fitila. Ya ce in aka haɗa shi da batir, lantarki zai riƙa zagaya jikin motar, tsatsa ba za ta kusance ta ba har abada. Ba huda, ba mai, ba ƙazanta. Na saya, shi da kansa ya ɗaura mini, ya yi mini addu'a ya tafi.

Bayan kwana kaɗan Bukar ya bugo. Muryarsa a gajiye, ya ce Kawu ba ya gane mutane sosai. Can ƙarshen hira ya ce, "Af, tsoho, maganar tsatsa fa? Na so in gaya maka tun tuni, kaina ya ɗauki zafi."

Na ce, "Kai dai ji da Kawu. Na sa mata magani na zamani, wanda kai ba ka ma san da shi ba."

Ya ce, "To, madalla," muka yi sallama. Kowace safiya in na buɗe gaban mota na ga jar fitilar nan tana ƙiftawa, sai hankalina ya kwanta.

Haka na ci watanni ina ta aiki. Yatsuna suka tsattsage. Na faɗi a kan ƙanƙara da jarkar manja sau biyu. Na yi azumin nafila ranar da rana ta faɗi tun kafin in ji yunwa. Falmata na ƙoƙarin yi mini miyar kuka da abin da ta samu, amma kifin bai taɓa yin ɗanɗanon na koginmu ba. Cikin Fabrairu Kawu ya rasu. Na yi masa addu'a ni kaɗai a cikin mota, a bakin wani shago, sannan na sauke kaya.

Ranar da abin ya faru wata Talata ce cikin Maris, da hantsi. Na ɗauko shinkafa cike da mota, ina gangarowa wani tudu, fitilar mahaɗa ta nuna ja. Na taka birki sai ƙafata ta tafi kusan ƙasa, kamar na taka ruɓaɓɓiyar kabewa. A gabana wata mata ce ke tsallaka titi tana tura keken jariri. Na yi salati, na ja birkin hannu, na karya sitiyari dama, motar ta kutsa cikin tulin dusar ƙanƙarar da aka ture gefen hanya ta tsaya. Matar ta waiwayo ta dube ni, ta wuce. Ba ta san abin da Allah ya kare ba. Na fito, na ga man birki yana ɗiga a kan farar ƙanƙara.

Lambar wayar mutum ɗaya na iya tunawa, ta maƙwabciyata. Madam Jislen ta zo da kanta cikin rabin sa'a. Na shirya jin gori, amma abin da ta fara yi shi ne ta miƙo mini shayi mai zafi ta ce, "Sha tukuna. Rejan na zuwa da motar ja."

Rejan ya haura saba'in, dogo ne siriri, hannuwansa baƙi ƙirin da mai. Ya ɗaga motar sama da injin gareji ya kira ni ƙarƙashinta, ya haska tocila. Wannan ne karo na farko da na ga cikin motar da nake wankewa kullum. Ko'ina ja, yana ɓarewa kamar ɓawon gurasa. Ya nuna mini siririn bututun birki inda ya fashe, ya murza shi da yatsa biyu ya karye. Ya ɗaga jar dardumata, jiƙe take sharkaf da ruwan gishirin da takalmina ke kwasowa. A ƙarƙashinta, inda nake ɗora ƙafa, ya danna sukudireba ta wuce.

Ya ce, "Saurayi, wa ya koya maka kula da mota? Duk abin da tsatsa ke so ka ba ta. Gishiri, ɗumi, har da bargo."

Na nuna masa ɗan akwatina, na ce to wannan fa? Ya ɓalle shi, ya buɗe da wuƙa ya miƙo mini. Babu komai ciki sai waya biyu da fitilar.

Sannan ya daina wasa. Ya ce bututu da ƙarfen da ake ɗora ƙafa duk ana sauya su. Abin tambaya shi ne shasi, wato ƙashin bayan motar. In tsatsa ta ci shi, ba zai bar ta ta koma titi ba, sai dai a kai ta wurin 'yan gwangwan. Ya ɗauki guduma ya fara bugu daga gaba, taku ɗaya bugu ɗaya, yana kasa kunne. Ni kuwa ina tsaye ina ganin fuskar Falmata da yaran nan huɗu, da Bukar wanda ya binne mahaifinsa zai dawo ya tarar ba abin nema. Na yi fatauci shekara arba'in ba a taɓa ba ni ajiya ta salwanta ba. Ban san tsawon lokacin da ya ɗauka ba. Da ya kai baya ya ajiye gudumar ya ce, "Tana da rai. Ba don kai ba, don mai ita."

Ya ja ni gefen ƙofa ya nuna mini wasu ƙananan baƙaƙen marafan roba, kamar maɓallin riga, jere a gefen kowace ƙofa. Na sha goge su da tsumma ban taɓa tambayar ko mene ne ba. Ya ce ramukan fesa mai ke nan. Mai motar yana kai ta duk shekara, wannan man ne ya tsare shasin. Bana kaɗai ta rasa.

Madam Jislen ta dube ni ta saman tabarau ta ce, "Amana, ko? Ba a huda kayan wani."

Na ce, "Madam, ki yi mini duk abin da kika ga dama, na cancanta."

Kwana tara motar ta yi a garejin. Rejan ya ba ni aron wata tsohuwar motarsa don kada shaguna su nemi wani, ya ce in na gama rabon kaya in zo in kama aiki, don wanda ya ɓata shi ya kamata ya kankare. Ya ba ni burushin ƙarfe da tabarau. Na kankare tsatsa har kafaɗata ta riƙe. Ya sa sababbin bututu, ya yanke ruɓaɓɓen wurin ya yi walda. Ya koya mini in riƙa sa tiyo ina wanke ƙasan mota da bayan tayoyi duk ranar da sanyi ya sassauta, in buɗe ƙananan kafofin da ke ƙasan ƙofa don ruwa ya fita, in shafa fenti duk inda tsakuwa ta ƙwarzane kafin ja ya fito. Ranar farko da lokacin Azahar ya yi ina neman inda zan tsaya, sai Rejan ya share wani lungu bayan tayoyi ya shimfiɗa sabon kwali. Kullum bayan nan sai in tarar da kwalin a wurin. Madam Jislen kuma tana kawo mana miyar wake, ranar farko ta ɗaga murfi ta ce, "Ban sa alade ba, har tukunyar sabuwa ce, kada ka tsaya kallona." Na zauna da Larabawa da Barebari da Tubawa, na ga karamci iri-iri. Na waɗannan mutane ba shi da yawan gaisuwa, ba su tambayar iyali da gajiya, sai dai ka waiwaya ka ga an riga an yi maka abin.

Da aka gama aka fesa man, Rejan ya shafa baƙin fenti a kan waldar, na mai da shimfiɗun robar Bukar. Ya ja baya ya duba aikinsa ya ce, "Ko wanda ya ƙera ta ba zai gane ba."

Wannan magana ta bi ni har gida. Falmata ta san motar ta je gyara, amma ba ta san dalili ba. In na yi shiru, shi ke nan. Kuma na san halin taubashina: in ya ji, har jikokina sai sun ji. Wani abin da ya fi wannan nauyi shi ne, mai yiwuwa ya yi dariya a baki amma ya daina sakin jiki da ni. Na yi sati uku ina juya abin.

Bukar ya dawo ƙarshen Afrilu, ya rame. Bayan mun yi gaisuwar rashi ya huta kwana biyu, na ce ya zo ya raka ni wani wuri. Na kai shi garejin Rejan na roƙa a ɗaga motar. Na karɓi tocila na shiga da shi ƙarƙashi, na nuna masa sababbin bututun da inda aka yi walda. Na gaya masa komai, da gishirin, da ɗumin, da dardumar, da ɗan akwatin, da matar da ke tura jariri. Ban rage ko ɗaya ba.

Bukar ya matsa kusa. Ya bi waldar da yatsa daga farko har ƙarshe. Rejan ya koma gefe yana goge abin da ba ya bukatar gogewa.

Can Bukar ya ce, "Wato Alhaji, fata ka mai da mini mota."

Na ce, "Fata na mai da ita."

"Ka yi mata gishiri, ka shanya ta a ɗaki."

"Haka aka yi."

Ya fara dariya, dariyar ta ƙi tsayawa, har ta juye ta zama wani abu dabam, ya juya baya ya share ido da hannun riga. Da ya juyo sai ya koma Barbarci, harshen da ba ma yi sai magana ta kai magana. Ya ce wata takwas ɗin da ya yi a Haɗeja, daga jinyar mahaifinsa har zaman makoki, bai taɓa kwana da tunanin abin da yaransa za su ci ba. Ya ce da na yi shiru da ba zai taɓa sani ba, kuma ya san na san haka.

Aka sauke motar. Na ciro makulli na miƙa masa da hannu biyu. Ya karɓa ya jujjuya shi, ya zagaya ta ɗaya gefen, ya buɗe ƙofar fasinja ya zauna. Sannan ya wurgo mini makullin ta taga.

Ya ce, "Tsaye me kake yi, tsoho? Shago shida ke jiran manja. Ja mu tafi."